Kashim a Bakin Ƙofa

Kashim yana tsaye a bakin wata ƙofar ƙarfe, ƙirjinsa na hawa yana sauka, alhali tun kafin azumi aka binne shi a Gwange.

Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ta dangwarar da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka a kan teburin shagon Kezia, ta juya mata fuskar.

"Kalle shi. Tun da ya rasu yake nan a tsaye. Wa ya kulle masa ƙofa?"

Kezia, mai saka wa samarin unguwa wasanni a kwamfuta, ta gane wasan. Ita ta saya wa Kashim ta intanet lokacin da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, da kuɗin karsanar da tsohuwar ta sayar a Kasuwar Shanu. Shi da kansa ya ƙera mutumin cikin wasan da kamanninsa, har tabon girarsa.

"Mama, bayan ƙofar sabon kashi ne na wasan suka fitar. Sai an ƙara biya."

"Na biya."

"Na farkon kika biya."

"Karsana guda! Da ƙafafunta huɗu ta tafi. Na riƙe wutsiyar na ce sai an ƙara min?"

Kezia ta duba farashin ta faɗa mata. Kafin tsohuwar ta gama salati, ta sake dubawa ta faɗi wani.

"Ke 'yar nan, yanzu kika ce ba haka ba."

"Dala ce ta motsa, Mama. Da ita yake tafiya."

"To kira min mai kayan. Mijina dillalin shanu ne har ya koma ga Allah, ban taɓa ganin cinikin da ba a ga idon mai kaya ba. Ya fito, in taya, ya ce albarka ko ya sallama."

"Ba mutum ba ne. Kamfani ne a ƙasar waje."

"Kamfanin ba uwa ce ta haife shi ba?"

Aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya, shagon ya yi tsit. A cikin kwamfutar iska na kaɗa rigar Kashim. Ya sauya ƙafa, ya sosa ƙeya, ya waiwayo kamar wanda aka kira daga ɗaki. Kezia ta kawar da kai.

Ya Falmata ta matso, muryarta ta sauka. "Malam ya raba gado, ya ce abin nan nawa ne. Rubuta musu cewa Kashim ya rasu. Su mayar da shi sunana, su buɗe ƙofar, tunda an riga an biya su."

"Kwamfutar ce taki, Mama. Wasan ba sayar masa suka yi ba, izini suka ba shi, shi kaɗai. Ba a gadonsa. In na rubuta ya rasu, suna iya rufewa."

"Su rufe me?"

"Duka. Har shi."

Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi Allah ya isa, sai wani rubutu ya hau fuskar kwamfutar, ya rufe Kashim daga wuya zuwa gwiwa. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta ga yadda Kezia ta ƙura masa ido.

"Karanta min."

"Sun ce, Kashim, mun daɗe ba mu gan ka ba. Kana nan? In kana nan, mun yi maka rangwame zuwa magariba."

A Gwange kowa ya san Ya Falmata ba ta ƙarya, ko da gaskiyar za ta raba ta da maƙwabta. Ita ta rufe wa Kashim ido da hannunta. Ta daɗe tana kallon ƙafafun da suka rage a ƙasan rubutun.

"Ina ake taɓawa?"

"Wanne, Mama?"

"Na cewa yana nan."

Kezia ta nuna mata, ta janye hannunta. Tsohuwar ta danna da yatsa mai lalle. Rubutun ya gushe, farashin ya ɗan sauka, ƙofar tana nan a kulle.

Ta gyara mayafi. Akwai akuya biyu a gida, kuma la'asar ba ta yi ba tukuna.

"Kada ki kashe shi," ta ce. "Ina zuwa."