Arba'in, In Ji Ta

Ranar Talata da hantsi, takardar gidansa ta faɗo kan teburinsa.

Jan Biro ake ce masa a ofishin ƙidaya. Aikinsa gyara shekarun da mutane suka faɗa wa masu ƙirga. Ya daɗe da sanin jama'a ba sa ƙaunar arba'in da bakwai. Ko arba'in ko hamsin, sai ka ce sauran lambobin cizo suke yi. Na'ura ke tsamo takardun da lissafinsu bai hau ba, shi kuma ya bi su da biro. A makon nan kaɗai ya ga namiji mai haihuwa bakwai da jaririyar da ta yi ritaya.

Wannan kuwa tasa ce. Maigida, hamsin da tara, daidai. Matar gida, arba'in. 'Ya, talatin da uku. An cike ta wata biyu kafin matar ta rasu.

"Ka ga wadda ta haihu tana 'yar shekara bakwai," in ji shugabar sashen, tana leƙowa ta kafaɗarsa. Ba ta duba adireshin ba. "Ƙara wa baiwar Allah shekaru. In ka bar gurbin har ƙarfe huɗu, na'ura za ta ara mata na wata."

Haka ƙa'idar take: duk gurbin da aka bari, sai na'ura ta kwafo shekarun matar da ke takardar baya ta liƙa.

Ya soke arba'in ɗin, ya rubuta biyar, ya tsaya. Hamsin da nawa? Shekara talatin da biyar suna ɗaki ɗaya. Ya san lambar takalminta, ya san ƙwayoyin da take sha safe da yamma. Ya fita baranda ya kira 'yarsa.

"Shekarun Mama? Haba Baba, ai kai ne mai ofishin shekaru."

"Tambayarki na yi."

"Tun ina firamare arba'in take cewa. Kira Kawu mana."

Ya kira yayan matar.

"Na ba ta shekara uku cur," in ji tsohon.

"To kai, Yaya, shekarunka nawa?"

"Sittin. Ko saba'in ne? Me kuka rubuta mini a nan? Ai takardun na wajenku."

Ya koma kujerarsa. Ya sa hamsin da biyu, ya soke, don ba shi da hujja. Ya sa hamsin da biyar, ya ga irin zuƙin da yake kama mutane da shi kullum, ya sake sokewa. Gurbin ya yi jajir har takardar ta kusa hujewa. Ƙarfe huɗu aka zo aka kwashe.

Washegari ya duba. Na'ura ta ba ta sittin da ɗaya, na wata mata da bai taɓa gani ba. Yanzu ta girme shi. Ya nemi hujjar musawa, ya rasa.

Ya tuna ranar ƙidayar yana gida, yana ɗaki da littafi. Matarsa ta ɗaga labule ta ce, "Baban yarinya, mutumin nan yana tambaya wai shekaruna nawa."

Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Faɗa masa abin da kika ga dama, mu za mu gyara."

Ta ɗan jima riƙe da labulen kafin ta sake shi. Ba wani dogon jawabi take jira ba. Abin da take jira kawai shi ne ya kife littafin, ya ce, "Shigo ki zauna, mu lissafa tare."