Madahanar Gidan Ummu Hamad

Ni na gina madahanar furun, wato tanderun gasa burodin tamis, da ke ƙasan gidan Ummu Hamad a unguwar Tandabawi, shekara goma sha shida ke nan. Bututun hayaƙi ne na bulo, ya bi bango ta bayan ɗakin kwananta ya fita saman bene.

Tun bara matar take tari. Duk sanda ɗanta Hamad ya ce mini hayaƙi na shiga ɗakin, sai in ce mai gashin burodin ne ke cika wuta. Da likita ya ce huhunta ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba, Hamad ya sayo bututun ƙarfe mai lanƙwasa, irin wanda ake zurawa cikin tsohuwar madahana. Ya ce ni zan sa, tunda babu wanda ya san ginin kamata.

Na tafi da Yusha'u mai walda, tsarana ne, mutumin Maraɗi. Ya ce mu fara sakin gwangwani da igiya mu ga ko hanya a buɗe take. Na ce ni na gina abina, ba gwangwani ne zai gaya mini cikinsa ba. Ya ce taurin kan nan nawa ko guduma sai ta yi tunani.

Na hau sama ina turawa, shi yana ƙasa yana jan igiya. Mita huɗu ya shige sumul, sai ya cije. Na murɗa, na ja baya, na sake dannawa da duk nauyina. Sai na ji ƙarfen ya yage.

Na san wurin. Shekarar da na yi ginin, aikin Hajji ya matso, ana jirana a Arfa wajen kafa tantuna. Katakon da na tokare bulo da shi ban cire ba. Ramin da ya rage na cusa masa buhun siminti, na shafe ta waje, na kama gabana. Daidai kan gadonta ne.

Yusha'u ya hawo ya dubi fuskata. Ya ce in ina so, sai mu ce bututun ne ya yi faɗi, a sayo siriri, ƙila ya wuce ta gefe. Na ce ƙila. Ina faɗa ina jin tarinta daga taga.

Na sauka na yi sallama, na ce a janye gadon. Ta sa aka kawo mini shayi, na kasa taɓawa. Na fasa bangon a gabansu. Bugu uku, shafen ya zube. Ga katakon nan ya zama gawayi, buhun ya cinye tuntuni, ramin kuwa hannuna ya shige har gwiwa. Bayan shafen duk ya tsage, baƙi ƙirin.

Hamad ya tambaya da Larabci wa ya yi wannan.

"Ni ne," na ce. "Sauri nake."

"Ka sani, ya mu'allim Yari? Sanda kake ce mini mai gashi ne?"

"Na yi zato. Ban duba ba."

Ya buɗe baki, uwar ta ɗaga masa hannu. Ta ce in gama abin da na zo yi, ita numfashi take so.

Muka cire katakon, muka yanke inda ya yage, Yusha'u ya haɗa ya ɗaure. Bututun ya sauka har bakin furun. Aka kunna wuta bayan la'asar. Na tsaya a ɗakin na kara hanci a ramin, babu ko ƙauri. Ita ma ta ja numfashi a hankali, ta ce alhamdulillah.

Na ɗauko cokalin gini zan kwaɓa siminti in toshe bangon.

"Bar shi, Yari," in ji ta. "Hamad zai nemo wanda zai rufe."

Na tattara kayana. Yusha'u ya riƙe mini ƙofa, muka fita titi.