Ƙofar Ɗakin Keɓewa

Aikin da aka ba shi a Hukumar Lafiya suna ne babba, iko kaɗan. Shi ne jami'in kula da kayan tarihi na dukkan asibitocin hukumar, amma bai isa ya ɗaga ko ƙusa ba sai sashen gine-gine ya yarda, sashen sufuri ya ba da mota. Abu guda ne nasa shi kaɗai: ba a goge kayan tarihi, ba a fente su, ba a sauya musu kama sai da sa hannunsa. 'Yan ofis suna kiransa Baban Tsatsa.

Da aka ce za a buɗe zauren tarihi a hedikwata, kowane asibiti ya aiko da abin da yake taƙama da shi. Wani ya aiko da tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya, wani agogon bango na tagulla, wani kujerar likitan haƙori. Asibitin bayan gari, wanda ake rushe tsofaffin gine-ginensa, shi ya aiko da ƙofar ƙarfe, haɗe da ƙarafunan da ke riƙe da ita. Tsatsa ta kama sakatarta, ba ta buɗuwa. A ƙasanta akwai 'yar taga daidai gwiwar mutum. Ƙofar ɗakin da ake keɓe kutare ce a da.

A wajen taro Darakta ya kalli hotonta, ya ture shi gefe.

"Baban Tsatsa, bikin alfahari za mu yi ko zaman makoki? A ba masu gwangwan, su kai ta narkewa da sauran tsofaffin ƙarafa."

"Ranka ya daɗe, ita ma tarihinmu ce. Ba agogo kaɗai muka gada ba."

Injiniya, shugaban sashen gine-gine, ya yi dariya. "Yallabai, in aka bar wannan mutumin, har bokitin shara sai ya saka a gilashi."

Darakta ba mugun mutum ba ne, ya fi son kowa ya tashi taro yana murmushi. Nan take sai fuskarsa ta washe.

"To ga mafita. A yanke sakatar, a toshe wannan 'yar tagar da walda, a shafa farin fenti. Sai a kafa ta a buɗe a bakin zaure, baƙi su riƙa shiga ta cikinta. Kowa ya ga ƙofar hukumarmu a buɗe take. Ka sami ƙofarka, na sami bikina. Sa hannu."

Har Baban Tsatsa ya cire marfin biro. Sai kuma ya mayar, ya roƙi a ba shi zuwa gobe.

Da aka tashi aiki bai nufi gida ba, ya biya wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa. Tana budurwa aka rufe ta a bayan wannan ƙofar, ba ta fito ba sai da magani ya zo. Ya same ta a tsakar gida tana shan shayi, ta riƙe kofin da tafukan hannu biyu, don abin da ya rage na yatsunta ba ya riƙe komai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwashe labari ya gaya mata.

"Wai har yanzu tana nan?" in ji ta. "Kai ɗan nan, kai da kwashe-kwashe. Ubanka ma haka yake, ko tsohon takalmi ba ya yarwa. Ku narke ta, a yi tukwane, ta yi amfani sau ɗaya a rayuwarta."

"Gwaggo, ba narkewa za a yi ba. Fenti za a shafa mata, a kafa ta a buɗe, mutane su riƙa wucewa."

Ta ajiye kofin.

"A buɗe?"

"A buɗe."

Ta yi dariya har ta ƙware, ya miƙa mata ruwa.

"Wannan ƙofar ba ta buɗuwa sai in za a tura wani ciki. Abinci ta tagar ƙasa ake turo mana da sanda, sai ka durƙusa ka ɗauka. Innarmu in ta zo, nesa take tsayawa, ni kuma in kwanta rub-da-ciki in leƙa. Ƙafafunta kaɗai nake gani. Ranar da aka sallame mu ma ba ta nan muka fito ba, ta baya aka bi da mu, kada ma'aikata su haɗa hanya da mu." Ta goge baki da gefen mayafi. "Ni ban ce ku ajiye ta ba. Amma in za ku nuna ta, ku nuna ta yadda na san ta."

A hanyar gida ya yi ta juya maganar. In aka fente ta, aƙalla ƙarfen yana nan. Wata rana za a yi wani Darakta, wani ya kankare fentin. In aka narke ta kuwa, shi ke nan, ba mai sake ganinta har abada. Aikinsa ya adana, ba ya hallaka ba. Amma kafin wannan wata ranar ta zo, 'yan makaranta za su yi ta wucewa ta cikinta suna dariya, su koma gida da yaƙinin cewa haka take tun asali. Kuma da sa hannunsa.

Da safe ya tarar an jingina ƙofar a harabar ofis. Mai walda ya kunna injinsa, mai fenti yana motsa gwangwani da itace. Darakta ya sauko da kansa, Injiniya na biye da shi.

"Ina takardar?"

"Ga ta, ranka ya daɗe. Ban sa hannu ba."

"Mantawa ka yi?"

"A'a. Ba zan sa ba ne. In za ta shiga zaure, ta shiga a rufe, da tsatsarta da tagarta."

Mai fenti ya daina motsa fentin.

"Ka san abin da kake faɗa?" in ji Darakta. "Ni na yi maka alfarma. In ba fenti, masu gwangwan na nan a bakin titi da motarsu. Kai kuma akwai gurbi a sito na reshen kan iyaka, ka je can ka yi ta gadin katifu."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Injiniya ya ja shi gefe, ya rage murya. "Haba abokina, fenti ne fa. Fenti! Bayan biki wa zai tuna? Ka sa hannu ka ceci abarka, ka ceci kujerarka. Iyalinka fa?"

"Iyalina sun san sito. A can na fara aiki."

"Taurin kai zai kashe ka."

"Wataƙila."

Darakta ya jira, ko zai ga alamar sassauci. Bai gani ba. Ya ɗaga hannu, maigadi ya wangale get, motar masu gwangwan ta shigo da baya tana tari. Ma'aikata suka fito bakin tagogi suna kallo. Mai walda ya kashe injinsa ya fara naɗe waya.

Masu gwangwan suka kama ƙofar, ta ƙi ɗaguwa. Baban Tsatsa ya cire hularsa ya ɗora kan gwangwanin fenti, ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙarfen. Har a lokacin bai tabbata ya yi daidai ba.

"Kai ne mai kula da tarihi na farko da na ga ya kai kayansa narkewa da hannunsa," in ji Injiniya.

"Eh," ya ce, yana nishi. "Kama wancan gefen, tana da nauyi."