Hannun Hagun Yasmin

Bayan cokali ne ya sauka a kan yatsun Yasmin, ƙwal, har lomar tuwon ta faɗi a tabarma. Ba ta yi kuka nan take ba. Sai da ta kalli hannunta na hagu, ta kalli ubanta, sannan bakin ya buɗe.

"Dama na ce miki, dama," in ji Bashir. "Kullum sai an faɗa?"

Ummulkhairi ta ture littattafanta ta janyo yarinyar jikinta. "Haba Abban Yasmin, shekararta huɗu fa. Bahaguwa ce, haka Allah ya yi ta. Da lallashi za ta koyi ci da dama."

"To, malama mai digiri an fara lacca. A gidana dai ba a cin tuwo da hannun tsarki. Ni ma bahago aka haife ni, kakata ta ɗaure hannun har ya gyaru. Na mutu?"

In gaya muku gaskiya, kowa a Unguwar Shanu zai ce Bashir mutumin kirki ne. Facin taya yake yi a bakin titi. Shi ya bar matarsa ta shiga jami'a tana karatun digiri a kan tarbiyyar ƙananan yara, har a babur yake kai ta. Abin da aka koya mata ne dai ba ya so ya ƙetare ƙofar ɗakinsa.

* * *

Ranar Laraba Ummulkhairi ta yi sammako zuwa Mando, inda take koyarwar gwaji, don a ranar malamarsu za ta zo duba ta. Maƙwabciyar da ke riƙe mata Yasmin ta tafi biki, sai Bashir ya ce zai tafi da ita rumfarsa ta faci.

Da hantsi wani dattijo ya kawo faci, ya miƙa wa yarinyar ƙosai. Ta sa hagu ta karɓa.

"Bashir, haka ake koya musu yanzu?" in ji dattijon yana dariya. "Ga uwa malama kuma."

Mazaunan bencin rumfar suka kwashe da dariya. Bashir ya ɗauki tsohon tub na cikin taya, ya yanko doguwar roba, ya naɗe wuyan hannun 'yarsa na hagu, ya ja, ya ƙara ja, ya ɗaure a ƙugunta ta baya. Kakarsa da tsumma ta ɗaure nasa, tsumma kuwa yana saki. Roba ba ta saki.

Yasmin ta yi ta ihu. Ya tsula mata ragowar robar a ƙafa, ta yi shiru tana shessheƙa. Can sai ga babbar mota da tayoyi biyu a sace, aiki ya ɗauke masa hankali. Allah sarki, yarinya ta yi kuka har barci ya kwashe ta a ƙarƙashin benci.

* * *

Bayan la'asar Ummulkhairi ta sauka daga keken Napep a bakin rumfar da fara'arta, don malamar ta yaba mata a gaban kowa. Tana ɗago Yasmin fara'ar ta ɗauke. Hannun ya kumbura suntum, ya yi baƙi, yatsun sun yi sanyi kamar an tsoma su a randa.

Ta rarumi wuƙar yankan tub.

"Ajiye," in ji Bashir. "Sai magariba za a kwance."

"Ka kashe mata hannu, Bashir."

Ba ta taɓa kiran sunansa gatsal a gaban mutane ba. Marin da ya kwaɗa mata ya haɗa ta da injin buga wa taya iska, leɓenta ya fashe. Ta miƙe da jini a hijabi, wuƙar na hannunta, ta dube shi ido cikin ido. Shi ne ya matsa. Ta tsinke robar, Yasmin ta saki wata irin ƙara da ta sa na kan benci suka sunkuyar da kai.

A asibiti likita ya daɗe yana juya hannun. Ya ce hannun zai tsira, amma yatsu biyu ba ya jin za su sake lanƙwasuwa. Ya tambayi me ya faru. Ummulkhairi, da ta haddace duk alamomin cin zarafin yara don jarrabawa, ta buɗe baki ta rufe. Bashir na tsaye a bakin ƙofa.

* * *

Washegari da safe ya shigo ɗakin jinya da ledar biskit, idanunsa jawur. Ya durƙusa a gaban gadon ya ɓare ɗaya.

"Ungo, Yasmin ɗin Abba. Karɓi da duk wanda kike so."

Yarinyar ta kalli hannun da ke cikin bandeji, ta kalli ɗayan. A hankali ta mayar da su duka biyun bayanta, ta miƙo wuya, ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.