Notin da Ari Bai Ɗaure Ba

Motar Alhaji Hammawa, dillalin shanu, ta mutu a hanyar Danchuwa kwana tara bayan Ari bakanike ya sa mata sabon bel ɗin taimin. Golf ce mai shan dizal, kuma irin wannan inji idan bel ya kuɓuce, fistin ke dukan bawul, komai ya lanƙwashe. Da igiyar shanu aka jawo ta garejin Ari a Dogo Tebo.

Tun ba a buɗe injin ba Alhaji ya tafi shagon Muhammadu Lawan, wanda ya sayar da bel ɗin, ya tara masa jama'a.

"Tsohuwar roba ka goge ka ce sabuwa ce! Ɓarawo!"

Muhammadu Lawan ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe.

Da Ari ya cire murfin, ya tarar bel ɗin bai tsinke ba, zamewa ya yi. Notin da ke ɗame shi ne ya kwance. Nan ya tuna: ranar Juma'a ce, ya murza notin da yatsu, aka kira salla, ya ajiye sifana. Da ya dawo murfi kawai ya mayar.

Mako guda ya yi shiru, yana kallon direbobin tasha suna wuce shagon Muhammadu Lawan ba ko waiwaye. Rana ta takwas ya sami Alhaji a zaure, ya durƙusa ya faɗi gaskiya.

"Wa ka gaya wa?" in ji Alhaji.

"Kai ne na farko."

"To ni ne na ƙarshe. Gaban mutane na kira shi ɓarawo. So kake in koma da furfurata in ce ƙarya na yi?"

"Alhaji, mutumin nan yana da iyali."

"Na yafe maka injin, Ari. Ba abin da ya kawo ka ke nan ba?"

Da aka ce an yafe sai da Ari ya ji sanyi a ransa.

A hanyar komawa ya bi ta shagon. Muhammadu Lawan na zaune shi kaɗai, yana kaɗe kwalayen da ba mai taɓawa.

"Malam Ari, kai ka buɗe injin. Don Allah me ka gani?"

Ari ya dubi ƙasa.

"Ya dagargaje da yawa, Malam. Ba a gane komai."

"Allah ya sani," in ji Muhammadu Lawan. Ya matsa ya ba shi wuri a benci.