Yatsan Yaya

Yaya ta goga babban yatsanta a gefen zane, ta hura masa iska, ta sake dangwala shi a gilashin na'urar da ke ƙofar kamfani. Jar wuta ta sake kamawa.

"Baba, matsa mana, layi ya yi tsawo," in ji maigadi.

Ta matsa. Shekaru tana wanke ɗakunan wannan reshe, ruwan sinadari ya cinye zanen yatsunta, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ta shiga ta yi aikinta tsaf, na'ura kuma ta rubuta cewa ba ta zo ba.

* * *

Abin ƙyamar shi ne, wanda ya tsara wannan masifa ƙanenta ne, Injiniya, wanda da kuɗin wanke-wanken nan ta kai shi makaranta. Shi ya haɗa rassan kamfanin a manhaja ɗaya, ya yanyanka korar ma'aikaci gunduwa-gunduwa: wani reshe ya tattara sunaye, wani ya danna amincewa, saƙo ya faɗo a wayar mutum. Ba mai kallon idon wani.

Ya taɓa tayar da maganar masu shara a taro.

"Ranka ya daɗe, yatsunsu ba sa kamawa. A bar musu wata hanya."

Manaja ya yi dariya yana ɓare alewa. "Ka bar shi haka. Mu ai ba ma korar kowa, tsari ne ke yi."

Injiniya ya taya shi dariyar, har da gyara zama.

* * *

Ranar da saƙon kora ya shigo wayarta, Yaya ta zagaye ofisoshi. Kowa ya ɗaga kafaɗa ya ce ba daga teburinsa ba ne. Da yamma ta sami ƙanen a gida.

"Auta, kai da ka san kan kwamfuta, ka roƙar min ita mana. Wallahi kullum ina zuwa."

"Za a duba, Yaya," ya ce, idonsa a waya.

"Allah ya yi maka albarka."

Bai duba komai ba. Ana maganar ƙara masa girma a watan, bai ga dalilin ɓata wa manaja rai ba.

Ran Litinin 'yar Yaya ta ninke kayan makarantarta ta tura ƙarƙashin gado, ta ɗauki bokitin uwarta, don ita aka ba gurbin. A ƙofar kamfani ta miƙa yatsanta, sabo ful. Tun dangwalawar farko wuta ta yi kore.