Dattin da Na Wanke

Ranar wata Talata, wata biyu da rasuwar matata, na lalata aikinta na ƙarshe da hannuna, da tabarau a idona, ina cikin hankalina.

Shekara talatin na yi ina gyaran kurakurai a maɗaba'a. Ita kuma zanen yadi ta yi a masaƙa har aka rufe masaƙar. Ƙaninta, wani makanike mai bakin tsiya da ke kira na Jan Biro, shi ya kawo mana annobar: wasan kwamfuta na jiragen yaƙi, inda ƙarti masu furfura ke harbo juna daga sama suna shewa. Ita ko ƙuda ba ta taɓa harbi ba. Fenti take yi wa jiragen da wata manhajar zane ta kyauta, ta ɗora a intanet, 'yan wasa su sauke su lulluɓa wa nasu.

Jirgin kan zo mata a baje kamar fatar da aka shanya, fiffike nan, wutsiya can. Sai ta bi shi hawa-hawa, launi a ƙasa, lambobi a kai, sauran a sama.

"Malam, zo ka gani," takan ce daga teburin falo.

"Na ga isassun makamai a littattafan tarihi," nakan amsa, kaina a cikin littafi. "Ko an shafa wa makashi jan baki, makashi ne."

Bayan rasuwarta ƙanin ya ce abokan wasansu na son jirginta na ƙarshe, za su tashi da shi a jere don tunawa da ita. Ta'aziyya da bama-bamai! Abin ya ba ni ƙyama, amma na ce ya zo Laraba ya ɗauka.

Ranar Talatar na buɗe zanen a kwamfutarta, karo na farko. Baƙin mai ya dalalo daga inji, fenti ya ɓare a bakin fiffike, kusoshi duk tsatsa, har da sawun takalmi inda matuƙi ke takawa ya hau. Na ce ciwo ne ya sa hannunta rawa, kuma ba zan bari baƙi su yi wa matata dariya ba. Na lalubo magogin manhajar, na bi tabo ɗaya bayan ɗaya har awa biyar. Sannan na adana a kan na asali, don ni ban taɓa ajiye takarda biyu ta abu ɗaya ba.

Laraba makaniken ya shigo yana warin gareji.

"Jan Biro, ina jirgin Yaya?"

Na nuna masa, har da ɗan alfahari. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan jirgi ne ko sabon kwanon sha? Ina dattin?"

"Na wanke."

"Ka wanke." Ya zauna a kujerarta. "Wata huɗu ta yi tana zana dattin nan. Sau uku tana zuwa garejina ta ɗauki hoton yadda mai ke zuba a jikin ƙarfe. Fenti ai kowane wawa ya iya, dattin ake zuwa nema wajenta. Sawun nan ma na takalminka ne, wanda dunduniyarsa ta cinye gefe guda. Akwai wani kwafi?"

"Babu."

Ya yi ta tone-tone a kwamfutar har la'asar, bai samo komai ba. Da ya tashi tafiya ya ce, "Sai an jima, Malam." Da ma zagina ya yi.

Ba su tashi da jirgin ba. Yana nan yana ƙyalli, tas, babu kuskure ko ɗaya, irin aikina. Takalmin ma yana bakin ƙofa, na kasa sa shi, na kasa yar da shi.

Na auna: taku biyar ne daga kujerata zuwa teburin. Ta kira ni ya fi sau ɗari. Duk littattafan da na haɗiye, abin da ake nema a bakina bai wuce wannan ba: "Matsa mini in gani."